Yadda ake kallo da ƙidayar baƙin tsuntsaye a fadamar Baturiya

Tsuntsayen bakin ruwa da ke zuwa fadamar Haɗejiya daga Turai da Siberiya ba zurfin ruwa suke nema ba. Laka suke bi, wato wurin da ambaliya ta janye ta bar danshi da tsutsa. Ruwa yakan kai maƙura a Agusta da Satumba, sannan ya riƙa ja da baya, su kuma suna bin gefensa. Don haka gurbin da ya cika da su a Nuwamba yana iya zama busasshen fako a Janairu. Kafin ka fita, tambayi masunta ko manoman shinkafa inda ruwa ya tsaya a makon nan, kada ka dogara da inda aka gan su bara.

Baƙin suna fara sauka daga Satumba, su yi yawa daga Disamba zuwa Fabrairu, su tashi a Maris da Afrilu. Tsakiyar Janairu ne lokacin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya. Baturiya, wani yanki na fadamar Haɗejiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, tana cikin jerin dausayin Ramsar, wato fadamun da duniya ta amince a kare su saboda muhimmancinsu, tun 2008, saboda haka a fara neman izinin ma'aikatan gandun dajin wurin, a gaishe da mai gari, a ɗauki ɗan jagora na wurin.

Kayan aiki kaɗan ne: madubin hangen nesa mai lamba 8x42, littafi da fensir, takalmin roba mai tsawo, da tufafi masu launin ƙasa. Farar riga tana korar su tun daga nesa. Takalmin kuwa saboda tsargiya ne, ruwan fadama da ke kwance ba na shiga da ƙafa tsirara ba ne.

Isa wurin da asuba, ka tsaya gabas da tsuntsayen domin rana ta kasance a bayanka. Idan ka fuskance ta, duk baƙi-baƙi za ka gan su. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, ƙidayar ba ta yin kyau, gara a ɗaga. Tafi a hankali, ka laɓe a bayan kachala ko tudun gona. Babban mai tona asiri shi ne zakaran ƙeƙuwa: ɗan gida ne, ba baƙo ba, amma da ya hango mutum sai ya yi ta kururuwa har garken ya watse. Idan ya fara, tsuguna ka jira ya yi shiru.

Wajen tantancewa, fara da ƙafa da baki, launin jiki ya zo daga baya, domin a rani yawancinsu toka-toka ne. Wanda ya fi yawa shi ne wanda littattafai ke kira ruff. Yana kiwo garke-garke a gonakin shinkafa da aka girbe, yana tsintar ƙwayar da ta zube. Namijin ya fi macen girma sosai, kuma nan ne sabon mai ƙidaya yake rubuta iri biyu alhali iri ɗaya ne. Mai dogayen jajayen ƙafafu da baƙin fiffike da farin ciki ba ya ɓuya. Ƙaramin da ke tafiya shi kaɗai yana kaɗa gindi sama da ƙasa wani iri ne daban. Kirinjijiya da dinya 'yan Afirka ne, a ware musu layinsu, kada a haɗa su da agwagin Turai.

Babban garke ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Ƙirga goma, ka riƙe faɗinsu a ido, ka auna sau nawa faɗin ya shiga garken. In sun kai dubbai, yi da hamsin ko ɗari. Ido yakan rage adadi idan sun cunkushe. Mutum biyu su ƙirga kowa da nasa, sannan a gwada. Idan garken ya tashi ya sauka a gaba, kada a sake lissafa shi. A rubuta kwanan wata, sa'a, sunan gurbi da yanayin ruwa, domin sakin ruwa daga madatsun Tiga da Challawa yana sauya fadamar, kuma adadi ba tare da wannan bayani ba ba ya kwatantuwa da na baɗi.

In ka ga zoben shaida da masu bincike ke sanyawa a ƙafar tsuntsu, rubuta launinsa da ƙafar da yake. Matattun tsuntsaye da yawa a wuri ɗaya kuwa, kada a taɓa, kada a kai gida kusa da kaji, a sanar da jami'in dabbobi saboda murar tsuntsaye.