Yadda ake karatun kimiyyar siyasa a jami'o'in arewacin Kamaru

Ƙanena, in ka ci Bak, wato jarrabawar kammala sakandare, kuma zuciyarka na ga kimiyyar siyasa, abu na farko shi ne zaɓen gari. A nan arewa akwai jami'ar Ngaundere da ke Dang, da ta Marwa wadda aka kafa a 2008, da ta Garwa da aka ƙirƙiro a 2022. A dukkansu siyasa da shari'a tsangaya ɗaya suke. Ka duba inda kake da ɗan'uwan da zai ba ka masauki, don sau da yawa hayar ɗaki da abinci sun fi kuɗin makaranta cin aljihu. Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara.

Sai ka yi rajistar farko ta intanet, ka haɗa takardar haihuwa da sakamakon Bak da hotuna. Kada ka bari sai ranar ƙarshe.

Inda aikin yake shi ne shekarar farko. Da yawa suna zuwa da zaton irin gardamar majalisar shayi ce, wane ya yi wane bai yi ba. Sai su tarar da darasin dokar tsarin mulki, da tarihin tunanin siyasa, da rubutu da Faransanci mai tsari: gabatarwa, tambayar da za a warware, sannan amsa kashi biyu, kowane kashi da rassa biyu. Wanda bai iya wannan tsarin ba, ko ya haddace littafi malami zai tsuke masa maki. Saboda haka ka lazimci ƙananan azuzuwan atisaye, ka nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawa wurin na gaba da kai, ka riƙa rubuta ɗaya duk mako.

Tarihin ƙasarka kuwa ya zama kamar karatun allo a bakinka: ƙuri'ar raba gardama ta 1961, da ta 20 ga Mayu 1972 wadda ta soke tarayya, da saukar shugaban ƙasa na farko Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, a 1982, da dawowar jam'iyyu da yawa a 1990, da tsarin mulkin 18 ga Janairu 1996. Kuma kada ka raina abin da ke ƙofar gida. Yadda lamido yake zaune da wakilin gwamnati a gari ɗaya, ko aikin Hukumar Tafkin Chadi da ke Njamena tun 1964, kowanne ya isa a yi kundin bincike a kansa.

Lisans, wato digirin farko, shekara 3 ce, masta 2. Tun kana aji biyu ka fara shirin jarrabawar gasa, domin takardar lisans ita kaɗai ba ta ba da kujerar ofis. Mai son aikin mulki ENAM yake nufa, wato makarantar horar da jami'an mulki da alƙalai, mai son jakadanci IRIC, wato cibiyar nazarin hulɗa da ƙasashen waje, dukkansu a Yawunde. Ka gyara Turancinka na Ingilishi tun yanzu, tunda shi ma harshen hukuma ne a Kamaru.