Yadda Bature zai shiga Jodan ya kuma zauna a birnin Amman

Wanda ya taso a Ingila, Amurka, Faransa ko Jamus, Bature ne shi ko ɗanmu ne da ya girma a can yake riƙe da fasfonsu, idan yana son ya ɗanɗana zaman ƙasar Larabawa, a ganina Jodan ce ta fi sauƙin farawa.

Matakin farko shi ne biza. Masu fasfon yawancin ƙasashen Yamma suna samunta a filin jirgin sama na Sarauniya Aliya, kimanin kilomita 30 kudu da Amman, a kan dinari 40. Wanda zai yi aƙalla dare uku ya fi masa riba ya sayi Jordan Pass ta intanet kafin ya taso, domin tana ɗauke masa kuɗin biza, tana kuma haɗe da tikitin shiga tsohon birnin tarihi na Petra, wanda shi kaɗai dinari 50 ne. Mai fasfon Najeriya bai samu wannan sassaucin ba, sai ya nemi bizarsa tun daga gida. A kuma lura cewa dinarin Jodan ya fi dalar Amurka daraja, ana canjin dala ɗaya a kan kusan dinari 0.71, saboda haka farashin da ya yi wa baƙo kama da araha yakan zama mai nauyi idan an lissafa.

Idan zama ya yi tsawo, kafin wa'adin bizar ya cika sai a je ofishin 'yan sanda mafi kusa da masauki, da fasfo da takardar haya, a nemi ƙarin wa'adi. Wanda ya wuce lokaci tara ce ke hawa kansa kullum. Mai niyyar aiki kuwa, wanda ya ɗauke shi ne zai nema masa izinin aiki, sannan a yi gwajin jini kafin a ba da katin zama, wato iƙama.

Daga nan sai neman gida, kuma a nan ne ya kamata a fi natsuwa. Baƙi sukan so unguwannin Jabal Amman da Jabal Luwaibda, inda ake samun ɗakuna da kayansu a ciki, ana kuma iya zuwa kasuwa da ƙafa, yayin da Abdun, inda ofishin jakadancin Amurka yake, ta fi tsada. Kafin a sa hannu a takarda, a tambayi mai gida abu biyu: ruwa da ɗumi. Jodan tana cikin ƙasashen da suka fi fama da ƙarancin ruwa a duniya, kuma a yawancin unguwannin Amman sau ɗaya a mako ake sako famfo, ya cika tankunan da ke kan rufi. Dole baƙo ya hau ya ga tankinsa da idonsa, ya san girmansa, ya san ranar ruwan unguwarsu, ya kuma tara wanki sai ranar. Wanda ya saba sakin famfo yana zuba kamar yadda yake yi a Landan zai wayi gari tankinsa babu ko ɗigo, sai ya sayi ruwan tanka.

Sanyi ma yana ba baƙi mamaki. Amman a kan tuddai take, daga Disamba zuwa Fabrairu ana sheƙa ruwan sama, wani lokaci har ƙanƙara ta sauka, gidajen dutse kuma suna riƙe sanyi. Da yawa ana ɗumama ɗaki da murhun gas da suke kira soba, kuma motar masu sayar da tukunyar gas tana zagaya layi tana kaɗa wani ɗan sauti, wanda ya ji sai ya leƙo ya tsayar da ita. Kada a taɓa kwana da soba a kunne a rufaffen ɗaki.

Mataki na gaba shi ne harshe. Turanci yana isa a yammacin birnin, amma ya dace a koyi Larabcin gari ko a cibiyar harsuna ta Jami'ar Jodan. Cewa "ya'ɗik al-afiya" ga mai shago ko direban tasi daidai yake da "sannu da aiki" a wurinmu, kuma tasirinsa ɗaya ne. A tasi mai launin rawaya, a tabbatar an kunna mita. Namiji ya zauna gaba kusa da direba, mace ta zauna baya.

Ba da jimawa ba maƙwabci zai gayyaci baƙo gida. A tafi da ɗan kayan zaƙi, a gaisa a tsanake, kada namiji ya miƙa wa mace hannu sai idan ita ta fara miƙowa. Za a kawo gahawa mai ɗaci a ƙaramin kofi, a karɓa da hannun dama, idan ya ƙoshi sai ya ɗan girgiza kofin yayin mayarwa, in ba haka ba za a ci gaba da zuba masa. Idan aka fito da mansaf, wato shinkafa da naman rago da miyar busasshen kindirmo mai suna jamid, to an girmama shi ƙwarai, ya ci daga gabansa da hannun dama. Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa yawancin wannan, amma Bature sai ya sa kansa ya koya.

Sai kuma kame baki da kiyaye lokaci. Doka ta hana aibata sarki, ko da a Facebook ne, kuma tunda ɗimbin mutanen ƙasar asalinsu Falasɗinawa ne, batun Falasɗinu batun danginsu ne, ya fi kyau baƙo ya saurara fiye da ya yi jayayya. A watan azumi ba a ci ko sha a bainar jama'a da rana. Juma'a da Asabar ne hutu, saboda haka duk wata hidimar takardu a ofisoshin gwamnati a tsara ta tsakanin Lahadi da Alhamis, da safe.