Yadda Za a Rage Fargabar Yaro Mai Larurar Otizim

Yaro mai larurar otizim, wato larurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, sau da yawa ba ya iya furta cewa yana jin tsoro, sai dai a ga ya toshe kunnuwa ko yana kaɗa jiki gaba da baya. Sauyin ba-zata ne ya fi tayar masa da hankali, don haka kafin a fita unguwa a sanar da shi da wuri, a nuna masa hoton wurin idan da hali. Idan fargabar ta taso a gidan biki, a janye shi zuwa ɗaki mai shiru, a lallashe shi da gajerun kalmomi, domin tsawa tsoro kawai take ƙara masa. Idan abin ya hana shi barci ko zuwa makaranta, a kai shi wurin likitan yara.