Kurakuran masu tonon tarihin tsoffin coci-cocin Ingila

Na gaji da gyara wa sababbin ɗalibai abu ɗaya duk shekara, shi ya sa na ce bari in rubuta in huta. Duk mai son sanin tarihin wani ƙauye a Ingila, cocin ƙauyen zai fara nufa, domin tun 1538 Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa da mutuwa ba sai 1837.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne na kwanan wata. Kafin 1752, sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa. Wato Fabrairun 1710 bayan Afrilun 1710 yake zuwa, da wata goma. Ni ban sani ba. Na buɗe wani tsohon littafin rajista, tawadarsa ta koma ruwan ƙasa, na ga an ɗaura auren wani manomi a Afrilun 1710, an kuma yi wa ɗansa baftisma a Fabrairun 1710. Ban yi wata-wata ba na rubuta cewa yaron an haife shi kafin aure, har na gina shafi uku a kai. Ranar da na gabatar, wata dattijuwa ta jira kowa ya watse, ta jawo ni gefe ta ƙirga mini watannin da yatsunta. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi wa matar manomin, baiwar Allah, ƙazafi tana kabari shekara ɗari uku! Tun daga nan, duk kwanan da ya faɗo tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris, da shekara biyu nake rubuta shi, kamar 1710/11, da jan biro. Kuma kada ku ɓata lokaci neman 3 zuwa 13 ga Satumban 1752, babu su, an tsallake su da aka sauya kalanda.

Sai masu tsayawa a bakin ƙofa su ɗaga kai su ce ginin na ƙarni kaza ne. Haba jama'a! Wa ya gaya muku coci rana ɗaya ake gina ta? Ku je cocin St Martin da ke Kantabari, inda Sarauniya Bertha ke ibada tun kafin zuwan Augustine, mai wa'azin Kiristanci da aka turo daga Roma, a 597. Akwai jan bulo na zamanin Rumawa a bangonta, hasumiyarta kuwa sai bayan ɗaruruwan shekaru aka ɗora. A ƙarni na 19 ma an yi wa coci-coci da yawa kwaskwarima har wasu suka yi kama da tsoffi fiye da yadda suke a da. Ni dai sai na zagaya ginin sau biyu ta waje, ina duba inda dutse ya sauya launi da ƙofofin da aka toshe, kafin in taɓa takardar bayanin da ke ciki. Wasu na ganin ɓata lokaci ne, su suka sani.

Ranar baftisma ba ita ce ranar haihuwa ba. Doguwar "s" ta tsohon rubutu ba "f" ba ce. Suna ɗaya yakan zo da rubutu iri uku, don yadda limamin ya ji haka yake rubutawa. Kuma kada ku kashe kuɗin jirgin ƙasa zuwa ƙauye neman tsoffin littattafan rajista, yawancinsu an kwashe zuwa gidan adana takardu na gunduma. Ku buga waya tukuna, don wasu ba kullum suke buɗewa ba.