Yadda ake amfani da kalmar intimidate ba tare da an juya ma'ana ba

Ɗalibai da yawa a Sakkwato, musamman masu shirin WAEC da JAMB, suna ɗaukar intimidate da scare da frighten duk abu ɗaya ne. Akwai tsoro a cikinsu duka, amma tsoron kala-kala ne.

In kare ya yi haushi da tsakar dare ka zabura, wannan scare ne ko frighten, firgita ce ta nan take. Intimidate kuwa razanarwa ce mai manufa: mai ƙarfi ya sa wa na ƙasa da shi tsoro don ya bi, ko ya yi shiru. Ɗan bangar siyasa da ya tsaya da gora kusa da rumfar zaɓe, ko bai ce uffan ba, abin da yake yi ke nan, shi ya sa jaridu ke rubuta voter intimidation. Da zarar ya buɗe baki ya ce zai yi kaza, ya koma threaten, wato barazana.

Gaɓoɓin intimidate 4 ne, in-TI-mi-deit, a danna ta biyu. Asalinta Latin ne, tushensu ɗaya da timid, mai saurin tsorata.

Wajen gina jimla, wanda aka razana yana biyo ta kai tsaye. In za a faɗi abin da aka tilasta shi, into ake sawa, aikatau ya ɗauki ing: They intimidated him into signing. Masu rubuta to sign a nan suke asarar maki.

Babban tuntuɓen dai yana wutsiyar kalmar, kuma shi ya fi damunmu, don yana kifar da zancen gaba ɗaya. Kalmar tana da ma'ana ta biyu mai taushi, wadda Hausa ta riga ta yi wa suna: kwarjini. Ɗalibar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta tsaya gaban malamai za ta kare aikinta, takarda na rawa a hannunta. In ta ce I was intimidated by the panel, malaman ne suka yi mata kwarjini. In ta ce I was intimidating, ta ce ita ce ta razana su. Kafin ka rubuta, tambayi kanka wane ne gabansa ke faɗuwa. Shi ke ɗaukar ed, a bi da by. Mai kwarjinin shi ke ɗaukar ing. Ba a cewa intimidated of, of na scared ne: scared of dogs.

Intimidate kalma ce mai nauyi, ta takardar koke da labaran jarida. In yaro ya laɓe bayan ƙofa ya firgita ƙanensa, scare ta wadatar.