Babi na Shida: Kayan Ado daga Maɓallan da Suka Yi Saura

Darasi na ɗaya: Tara kayan aiki

Iyayena da 'yan'uwana ɗalibai, kafin ku karanta gaba, kowacce ta tashi ta duba gwangwanin da take ajiye allura da zare, domin na tabbata za ta tarar da maɓallai a ƙasansa, waɗanda suka tsinke daga rigunan maigida da kayan makarantar yara. Maɓalli shi ne ɗan abin nan mai huda da ake ɗinkawa a gaban riga. Wasu suna ce masa botin, tsofaffinmu kuma suna ce masa anini, sunan wani ƙaramin kuɗi mai huda a tsakiya da aka yi amfani da shi a zamanin Turawa, wanda goma daga cikinsa ke yin kwabo ɗaya. Duk inda kuka ga na rubuta maɓalli a wannan babi, wannan abin nake nufi, idan kuma suna da yawa sai a ce maɓallai.

Wadda nata ba su kai ashirin ba, ta roƙi telan unguwarsu ya tara mata waɗanda yake cirewa daga kayan gyara, ko ta yanke na jikin tufafin da suka riga suka mutu. A Kano ana samun tsofaffin tufafi da araha wurin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, kuma sau da yawa maɓallan rigar sanyi ɗaya sun fi rigar kanta amfani a wannan aiki. Sauran kayan duk suna wurin 'yan koli: zaren roba mai talewa, zaren lilo siriri, almakashi, tef ɗin awo irin na tela, da gam. Ku ƙara da biro ɗaya da faranti mai zurfi.

Ku zuba maɓallan a ruwan ɗumi da ɗan garin sabulu, ku cuɗa su, ku tsince guntayen zaren da suka maƙale a cikin hudojin da tsinin allura, sannan ku shanya su a kan ƙyalle. Na ƙarfe a goge su nan take, domin idan suka kwana da laima za su yi tsatsa su ɓata tufafin wadda ta saka. Bayan sun bushe sai ku raba su kashi uku: masu huda biyu, masu huda huɗu, da waɗanda ba su da huda a fuska sai ɗan kunne a baya. Kafin darasi na biyar, masu huda biyu da masu huɗu kaɗai za mu taɓa. Fuskar maɓalli ita ce ɓangaren da ake gani idan yana jikin riga, baya kuma shi ne ɓangaren da yake kwanciya a kan yadi. Ku riƙe waɗannan kalmomi biyu, domin za su yi ta dawowa.

Idan akwai yaro mai rarrafe a gidan, a yi aikin a kan faranti, kuma a ɗaga farantin sama duk lokacin da aka tashi, ko da ɗebo ruwa za a je. Yaro yana haɗiye maɓalli, yana kuma cusa shi a hanci.

Darasi na biyu: Abin hannu

Tef ɗin tela yana da lambobi a fuska biyu. Fuskar da lambobinta suke da tazara, wadda take ƙarewa a 60, ita ce ta inci, kuma da ita za mu yi aiki. Ɗaya fuskar, mai ƙarewa a wajen 150, ta santimita ce, ku ƙyale ta. Ki zagaya tef ɗin a wuyan hannunki, wato inda ake ɗaura agogo, ki duba lambar da bakin tef ɗin ya taɓa, ki rubuta ta a littafinki. Yawancinku za ku sami 6 ko 7. Yanzu ki ƙara 6 a kan wannan lamba, abin da ya fito shi ne tsawon zaren da za ki yanka. Wadda ta sami 7 za ta yanka inci 13. Na san za ku ce an yi ɓarnar zare, amma wannan rarar ita ce za ku kama da yatsu a lokacin ƙulli, kuma wadda ta yi rowar zare a nan za ta yi asarar aikin gaba ɗaya.

Ki kama zaren roban da hannu biyu ki ja shi ki saki kamar sau biyar, domin sabon zare yana saki bayan an fara amfani da shi, gara ya saki yanzu. Sannan ki ɗauki biro ki shafa tawada a baki ɗaya na zaren har ya yi duhu, ki bar ɗaya bakin fari. Kada ki tsallake wannan, za ki ga amfaninsa nan gaba kaɗan.

Ki ɗauki maɓalli na farko, fuskarsa tana kallon sama. Ki shigar da zaren ta baya ya fito ta fuska, sannan ki mayar da shi ta ɗaya hudar ya koma baya. Idan mai huda huɗu ne, ki yi amfani da huda biyu da suke kallon juna a karkace, ki bar sauran biyun. Ki tura shi gefe, ki ɗauki na biyu ki yi masa haka, har jerin ya kai tsawon da kika rubuta. Maɓallin rigar maza faɗinsa kusan rabin inci ne, saboda haka hannu mai inci 7 zai ci kamar 14. Ki ƙirga su da baki, ki rubuta adadin. Idan kika ga maɓalli ya tsaya a tsaye kamar ƙwarya a kan igiya, to ta huda ɗaya kawai kika zura shi, sai ki zare ki sake. Wannan ba abin kunya ba ne, ni ma na yi.

Darasi na uku: Ƙulli

A nan ne aikin yake. Na ga matan da suka jera maɓallai da kyau, launi yana bin launi har sai an tsaya kallo, amma duk suka zube saboda ƙulli. Wata ɗalibata ta saka nata ta tafi gidan suna, tana miƙa hannu za ta karɓi jariri sai zaren ya warware, maɓallai suka watse a kan tabarma, yara suka bi su da gudu. Ta zo aji washegari da guda tara a ƙulle a bakin gyalenta. Ba zaren ne ya tsinke ba, ƙullin ne ya zame, domin zaren roba yana da santsi kuma ba ya riƙe irin ƙullin da muka saba yi wa bakin leda.

Ku karanta wannan a hankali, zaren yana hannunku. Ki riƙe baki mai tawada a hannun dama, wato hannun da kike cin abinci da shi, fari kuma a hannun hagu. Ki ɗora mai tawada a kan fari, ki zagaya da shi ta ƙasa ya fito, ki sake zagayawa karo na biyu, sannan ki ja har maɓalli na farko ya haɗu da na ƙarshe. Yanzu ki duba hannuwanki: mai tawada ya koma hannun hagu. Ki sake ɗora mai tawada a kan fari, ki zagaya ta ƙasa sau ɗaya, ki ja. Wato dama a kan hagu, sannan hagu a kan dama. Wadda dama da hagu suke rikita ta, ta manta da su, ta riƙe abu ɗaya: mai tawada ne yake hawa sama a kowane karo.

Kuskuren da kuke yi shi ne, hannun dama ya saba da aiki, sai ya ɗora abin da yake riƙe da shi a sama sau biyu ba tare da kun lura ba. A karo na biyu abin da yake hannun dama fari ne, ba mai tawada ba. Idan fari ya hau sama, ƙullin zai yi kama da na gaske, amma da an ja shi zai zame. Saboda haka kafin ki ɗora na biyu, ki dakata, ki duba, ki tambayi kanki wane ne mai tawada, sannan ki ɗora shi.

Ga yadda za ki gane ko kin dace. Ƙulli mai kyau yana kwanciya, kuma bakunan zaren biyu suna bin jikin zaren, ɗaya ya nufi nan ɗaya ya nufi can. Ƙulli marar kyau yana yin tudu, bakunansa kuma suna gicciye a kan zaren. Ki sa yatsu biyu cikin abin hannun ki buɗa shi da ɗan ƙarfi. Idan bakunan suka fara gajarcewa, ƙullin yana tafiya, ki kwance ki sake. Mai tawada a sama, zagaye biyu, a ja. Mai tawada a sama, zagaye ɗaya, a ja.

Ina roƙonku kada ku fara gwada wannan a kan abin hannun da kuka sha wahalar jerawa. Ku sami igiyar shanya ko mazagin wando, ku ɗaura ƙyalle a baki ɗaya a madadin tawada, ku yi ƙullin sau goma a kan ƙafar kujera, domin a igiya mai kauri ido yana ganin inda kowane baki ya bi. Wadda ta yi goma a jere ba tare da kuskure ba, hannunta ya koya, ba za ta ƙara buƙatar wannan shafi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma dole in faɗi wata magana. A ajin da ya wuce na maimaita wannan har muryata ta dushe, na bi kowacce a wurin zamanta na kama mata yatsu, duk da haka da na karɓi aikin gida sai na tarar da fiye da rabi ba su shafa tawadar ba, wai sun riga sun gane. Ba ku gane ba. Wadda take hira da maƙwabciyarta a kan ankon biki lokacin da ake nuna ƙulli, ita ce take zuwa daga baya tana cewa zaren 'yan koli ba shi da kyau. Wasu kuma sai ranar biki da safe suke zama haɗawa cikin gaggawa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Ba na jin daɗin yi wa manya faɗa, wasunku sun haife ni, amma biro ba tsada gare shi ba.

Sai ƙullin ya ci jarrabawar yatsu biyu sannan a ɗauki almakashi, ba kafin nan ba. Ki ɗiga gam kaɗan a kan ƙullin, kamar ƙwayar gero, ki bar shi ya bushe sarai, sannan ki yanke rarar ki bar ɗan saura, kada ki yanke daf da ƙullin. Ki ja ƙullin ya ɓuya a bayan maɓalli. Kada a kusantar da wuta ga zaren roba. A sake karantawa: ƙulli, gwaji, gam, sannan almakashi, kuma mai tawada ne a sama.

Darasi na huɗu: Abin wuya

Wannan da zaren lilo ake yi, domin ba a so ya tale. Ki auna tsawon da kike so a wuyanki, ki ƙara inci 8. Ki fara da lanƙwasa baki ɗaya ki ƙulle shi ya zama ɗan zobe wanda babban maɓalli zai iya shiga da ƙyar. Ki jera maɓallan kamar yadda kika koya, ƙanana a gefe, mafi girma a tsakiya, kuma ana iya ɗora ƙarami a kan babba a zura su tare idan hudojinsu sun dace. A ɗaya bakin ki ɗaure babban maɓalli guda, shi ne zai shiga zoben ya zama makulli. Wajen ɗaure shi, ƙullin darasi na uku za ki yi. Bakin zaren lilo ana iya ɗan taɓa shi da wutar ashana ya narke ya dunƙule, amma nesa da maɓallan roba.

Darasi na biyar: Abin gashi da zobe

Maɓallai masu kunne a baya da muka ajiye, a nan za su yi amfani. Ki zura robar ɗaure gashi ta cikin kunnen, ki mayar da ita ta cikin kanta ki ja, an gama abin gashin yarinya. Idan robar ta yi kauri, ki jawo ta da zare. Zobe kuwa abin hannu ne ƙarami mai maɓalli ɗaya, a auna yatsa maimakon hannu. Wadda ƙarfe yake sa wa ƙaiƙayi ta tsaya a kan na roba ko na katako.

Darasi na shida: Kuɗin sayarwa

Ki rubuta abin da kika kashe a zare da gam, ki raba shi da yawan abubuwan da suka fito, ki ɗora ladan aikinki a kai. Kowacce ta zo aji na gaba da abin hannu ɗaya, da igiyar da ta yi gwaji a kanta.