Ciwon damuwa a jikin tsofaffi: wuraren da muke kuskure

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jiran hawaye. Tsoho mai ciwon damuwa bai cika cewa ransa a ɓace yake ba. Abin da za ka ji shi ne "jikina duk ba daɗi", ko ciwon baya, ko ya farka tun kafin asuba barci ya ƙi komawa. A hankali sai tuwo ya riƙa dawowa a kwano, ya daina fita majalisa, rediyon da ba ya rabo da ita ta yi ƙura. Mu kuma sai mu ce tsufa ne. In abin ya kai mako 2 a jere, a kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likita yadda yake a da, don shi kansa ba zai faɗa ba.

Wani kuskuren shi ne da zarar mantuwa ta shigo sai a yanke cewa gigin tsufa ne. Damuwa ma tana dagula tunani. Mai damuwa yakan koka da mantuwarsa, in an tambaye shi ya ce "ban sani ba", kuma abin yakan zo cikin makonni ko watanni. Gigin tsufa kuwa shekaru yake ɗauka yana rarrafe. Mantuwar damuwa takan ragu da magani, shi ya sa nake jin zafi in na ga an sallama mutum tun ba a duba shi ba.

Ciwon damuwa yakan lafa ya dawo, musamman bayan rasuwar abokin zama ko shanyewar ɓarin jiki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka sami shanyewar sukan kamu da shi. Gwaggon da ta fita takaba amma har yanzu ba ta ci ba ta barci, ba ta'aziyya kaɗai take bukata ba.

Sai batun magani. A jikin tsoho yakan ɗauki mako 6 ko fiye kafin ya nuna aikinsa sosai, kuma bayan an sami sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata 6. Masu dainawa a mako na biyu sun yi gaggawa. Kada a sayo amitriptyline, wani maganin damuwa, a kemis ba umarnin likita: yana sa tsofaffi jiri har su faɗi, yana kuma riƙe fitsari.

In kuma Baba ya fara cewa "gara in huta, na zame muku nauyi", kada a ce masa ya yi haƙuri kawai a tashi. A zauna da shi, a ɗauke magunguna da duk wani abin cutarwa daga ɗakin, a kai shi asibiti a ranar.